Daga Gwandu Zuwa Tamale Neman Hanyar Gidan Yaron Nan

Matso kusa, ɗan'uwa, gyara zama, in ba ka labarin yadda ni Manu Direba na tsinci kaina a ƙasar Gana. Duk wanda ya san ni a Gwandu ya san ba na son kwanan waje. Ko Sakkwato na kai mara lafiya, komai gajiya sai na juyo gida na sha furar mai ɗakina. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar. Abin da Allah Ya ba ni shi ne kunne. In na ji mutum ya yi magana sau ɗaya, zan maimaita maka ita da muryarsa, har da tarinsa.

Motar ɗaukar marasa lafiya nake ja wa wata ƙungiyar agaji. Motocinmu biyu, ɗaya a Gwandu wadda nake ja, ɗaya a Kalgo. Aka sanya wa kowace kwamfutar cinya, wato laftof, aka ce za a ɗora mata manhajar da za ta riƙa nuna wa direba hanya. To manhajojin iri-iri ne, kuma an shirya taro a Tamale inda masu yin su za su nuna kayansu, ƙungiyoyi irin tamu su zaɓa. Shugabarmu ta ce Malam Nasiru zai je, don shi ke kula da kwamfuta da amsa kiran waya, kuma direba ɗaya zai bi shi, tunda direba ne zai zauna da abin a gabansa. Na so in zille. Abin da ya hana ni shi ne Hajo.

Hajo ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wata ruga can bayan Diggi. Ciki biyu ta yi, duka biyun ba ta goya ba, don kafin a kai ta asibiti lokaci ya ƙure. Wannan na uku likita ya ce aiki za a yi mata, da zarar naƙuda ta taso a kawo ta ba tare da jira ba. Haihuwar kuma za ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da mijinta Altine yake can nesa da shanu, ba kowa a gida sai surukarta Goggo Dudu. Ni na san hanyar rugar ko ido rufe. Amma yankin na motar Kalgo ne, direbanta kuma Ɗanjuma, mutumin Yawuri, sabon zuwa, wanda bai san ko kukar farko ta hanyar ba. Sai na ce a raina, in akwai abin da zai kai Ɗanjuma ƙofar Hajo, gara in je in gan shi da idona.

Ta ƙasa muka bi. Muna tsallaka iyaka muka shiga ƙasar Benin, taswirar da ke wayar Malam Nasiru ta mutu. Tun daga gida yake nuna mini ita, ga mu nan, ga inda za mu. Yanzu sai wani fili fari fat, da ɗan ɗigo shuɗi yana tsaye shi kaɗai kamar maraya. Layin wayarsa ba ya aiki a ƙasar mutane.

Na ce, "Malam, ina muke?"

Ya juya wayar sama da ƙasa ya ce, "Muna cikin ikon Allah, Baba Manu."

Bai yi fushi ba. Ya dubi ɗigon nan ya ce, "Ka ga sharaɗinmu na fari ke nan. Duk manhajar da ba ta aiki sai da sabis, ba tamu ba ce. Rabin dajin Kalgo haka yake."

A Kandi muka sauya mota, a Paraku aka cuce mu. Wani ɗan kamasho mai jar hula, Hausarsa tiryan-tiryan, ya tare mu da "'yan'uwana, 'yan'uwana", ya rantse motarsa har Tamale za ta ajiye mu ba sauka. Na ji daɗin jin Hausa har na ba shi goro. Da mun wuce Jugu kaɗan, direban ya tsaya a wani ƙauye ya sauke jakunkunanmu, ya ce nan ne iyakarsa, wata motar na tafe. Ya juya ya bar mu. Wata motar ba ta zo ba, ba ta kuma da niyyar zuwa. Rana ta take, Malam Nasiru ya rungume jakar laftof a ƙirji kamar jinjiri, ni kuma na zauna bisa dutse ina tunanin zauren gidana, da tabarmata, da yadda a daidai wannan lokaci mai ɗakina take turo mini ƙwarya da ludayi a kai. Wallahi da akwai motar komawa a wurin, ban san abin da zan yi ba.

Wata tsohuwar Bafulatana mai tallan cuku ce ta cece mu. Ta dube mu ta dube mu, ta gaishe mu da Fulatanci. Na amsa da ɗan abin da na tsinta wurin kakata. Ta buɗe ƙwarya ta ba mu cuku soyayye, ta hana mu ko taɓa aljihu. Da ta ji matsalarmu, sai ta ɗaga murya wajen wani magidanci mai furfura a gemu da ke gyaran babur ƙarƙashin mangwaro. Ba ta kira sunansa ba. Cewa ta yi, "Kai wancan." Ta juyo ta ce mana, "Yaron nan zai kai ku bakin titi."

Muna bisa babur, mu uku a matse, na ce masa, "Kai ne ɗanta na fari ko?"

Ya yi dariya ya ce yaya aka yi na sani. Na ce ai a garinmu ma haka abin yake. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko da ya yi jikoki.

Ya kai mu har inda motocin Kara ke tsayawa, ya jira sai da muka shiga. Daga Kara, a ƙasar Togo, muka sake tsallaka wata iyakar, inda aka sa Malam Nasiru ya kunna laftof ya kashe, ya sake kunnawa, don kawai a ga ko za mu gaji. Cikina ya ɓaci da wani tuwon rogo mai tsami da na ci a hanya. Muka wuce Yandi ina jingine da taga, ba na ko iya surutu, abin da ya sa Malam Nasiru ya tabbata lallai ba ni da lafiya.

Tamale gari ne mai babura kamar ƙudaje, har mata tsofaffi na tuƙawa da goyo. Aka sauke mu a wani masauki kusa da zango. Hausarsu daban, mace ma "ya zo" ake ce mata, amma tana shiga kunne. Wata mai abinci da ta ji daga ƙasar Kabi nake, ta dama mini koko mai citta, ta ce kakanta ma daga wajenmu ya zo fataucin goro bai koma ba. Na sha kokon nan ina share ido, na ce hayaƙi ne.

A wurin taro manhaja uku aka kawo. Ta farko kyakkyawa ce, ba ƙarya. Launi kamar zanen amarya, tana magana da muryar wata Baturiya, tana faɗa maka inda motoci suka cunkushe. Mai tallanta ya ce a manyan birane ita ake yayi. Malam Nasiru ya tambaye shi cikin ladabi ko za ta yi aiki in ba sabis. Ya ce za ta ɗan jira. Muka dubi juna, muka tuna ɗigon nan shuɗi.

Ta biyu tana aiki ba sabis. Ana zuba mata taswirar ƙasa gaba ɗaya a cikin laftof, a jona wani ɗan abu kamar kwalin ashana mai igiya, a manna shi bisa rufin mota, shi ke magana da tauraron ɗan adam ya faɗi inda kake. Kamfanin babba ne, in ta lalace akwai wanda za a kira. Kana rubuta sunan titi da lambar gida, ko sunan mai gida in an riga an shigar, sai ta ja maka layi. Malam Nasiru ya so ta ƙwarai, kuma yana da hujja.

Ta uku ba ta da kyan gani. Wata mata ce, Madam Fusaina, 'yar garin, ta yi ta da abokan aikinta saboda ƙauyukan arewacin Gana. Ita ma ba ta neman sabis, ita ma da ɗan kwalin ashanar take aiki. Maɓallanta manya-manya, yadda ko mota na tsalle yatsa ba zai kuskure ba. Bambancinta shi ne kai kake koya mata ƙasarka. In ka bi hanya da mota, sai ta riƙe sawun. In ka tsaya a ƙofar gida, sai ka dasa alama ka ba shi suna.

Da muka koma masauki na ce, "Malam, ni ta Madam ta kwanta mini."

Ya ce, "Baba Manu, mutum nawa ne a bayanta? In gobe suka watse fa? Waccan kamfani ne. Kuma ita ma ana shigar da sunan mai gida. Mu bi rugage mu rubuta sunaye, shi ke nan."

Na san akwai abin da ke damuna, amma ban san sunansa ba.

Washegari aka ce za a yi gwaji. Kowace ƙungiya, mutum ɗaya zai zama mai kira daga ƙauye, ɗaya ya zauna gaban laftof ya nemo gidan. An riga an shigar da rugar su Hajo a manhaja ta biyu da sunan Altine, don gwaji. Malam Nasiru ya zauna, aka ba ni waya aka ce in yi kamar yadda mutanenmu ke yi. To ni ban iya abu rabi-rabi ba. Na rufe ido na kirawo Goggo Dudu a kunnena, na lanƙwasa baya, na saki muryarta.

"Salamu alaikum. Masu mota na? Ku taho maza, matar yaron nan ta, ciwon ya tashi."

Malam Nasiru ya ce, "To Goggo, wane yaro?"

"Yaron nan dai."

"Mi ne sunan mai gidan?"

Na ja tsaki irin nata ƙasa-ƙasa. "Kai ɗan nan, ba a koya maka kunya ba? Wanda yat tahi da shanu."

"Goggo, kowa ya tafi da shanu. Wace ruga?"

"Tamu. Inda munka dawo bana."

Masu jin Hausa a ɗakin suka fashe da dariya, aka fassara wa sauran su ma suka dara. Madam Fusaina har da riƙe ciki. Ni ma na buɗe ido ina murmushi, sai na ga Malam Nasiru bai dariya. Yatsunsa na bisa laftof, wurin rubuta suna fari fat, ba abin da zai sa.

Ya ce a hankali, "Sa Hajo ta karɓi wayar."

Na ce da muryata, "Hajo na naƙuda, Malam. Kuma ko lafiyarta lau, ka taɓa jin ta kama sunan mijinta?"

Ya jingina da kujera. Can ya ce, "Ni ma ɗan fari ne. Shekarata arba'in da wani abu, ban taɓa jin sunana a bakin innata ba. Ranar da na yi haɗari da babur, da ta je asibiti nemana, cewa ta yi tana neman wancan mai taurin kai." Ya shafa fuska. "Mata ne ke gida in ciwo ya tashi. Mu kuma muna shirin tambayarsu abin da bakinsu ba zai faɗa ba."

Shi ya gano mafita, ba ni ba. Ya ce suna ba zai fito ba, amma lambar wayar da aka kira da ita tana fitowa da kanta. In manhaja za ta yarda a ɗaura lambar waya a jikin alamar gida, ba sai an tambayi kowa sunan kowa ba. Ya tambayi mai manhaja ta biyu. Mutumin kirki ne, ya faɗi gaskiya, ya ce tasu ba a gina ta haka ba, sai an rubuta wa hedikwata, kuma bai san yaushe za su amsa ba. Madam Fusaina ta jawo kujera ta zauna kusa da mu. Ta ce su ma a wajensu akwai sunayen da mace ba ta kamawa, amma ba ta taɓa haɗa wannan da aikin mota ba. Ta ce sa lambar waya abu ne mai sauƙi.

Na ce, "Madam, da saura. Ruga ba ta zama wuri ɗaya. Da rani suna gangarawa fadama, da damina su hau tudu. Hanyar rani kuma da damina tafki ce."

Ta ce, "To gida ɗaya, alama biyu, hanya biyu. Direba ya danna rani ko damina."

Malam Nasiru bai saki nan take ba, kuma na gode masa da bai saki ba. Ya sa aka ɗora manhajar a laftof ɗinmu, muka shiga mota muka fita bayan gari inda ba sabis, cikin rana tsaka, ya ga ko zafi zai sa ta tsaya. Ya zare wutar mota ya mayar, ya ga ko za ta manta inda take. Ya sa Madam ta yarda duk alamomin da muka dasa namu ne, za mu iya kwashe su mu adana, ko da wata rana ita da mutanenta sun bar aikin. Ya kuma sa aka kulle lambobin mutane yadda ba mai gani sai mai aiki. Sai da ya gama duk wannan ya ce, "Baba Manu, mun zaɓa."

Saura abu ɗaya. Manhajar ba ta da muryar Hausa, kuma direba ba zai riƙa kallon laftof yana tuƙi cikin laka ba. Madam ta dube ni ta ce, "Wanda ya yi tsohuwa haka, zai iya yin kansa." Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki aka sa mini abin magana a baki. Na yi ta faɗa: yi dama, yi hagu, miƙe, sassauta akwai ruwa, ka iso. Ta ce in rage surutu, don a "ka iso" na ƙara da "sai ka yi sallama". Daga baya ta ce a bar shi haka.

Dawowa ba ta yi wuya kamar tafiya ba. A Paraku na hango mai jar hula yana "'yan'uwana" da wasu baƙi, na je na tsaya kusa da su na maimaita masa rantsuwarsa da muryarsa, kalma bayan kalma. Baƙin suka ɗauki kayansu suka bi mu.

Kafin ruwan farko muka bi rugage da ƙauyuka, daga Maruda har bayan Diggi, muna dasa alama muna ɗaura lambobin wayar matan gida. A rugar su Hajo, Goggo Dudu ta nuna mana surin da take hawa in za ta yi waya, don nan kaɗai sabis ke kamawa. Na bi hanyar damina da mota a hankali, ta bayan gonakin gero, manhaja na riƙe sawu. Goggo ta leƙa laftof ta ce, "Wanga abu ya san gidan yaron nan?" Na ce ya sani, Goggo, kuma ba zai tambaye ki sunansa ba.

Ranar da abin ya zo, an kwana ana ruwa. Da hantsi ina hanyar Sakkwato da wani dattijo da ya karye a ƙugu, ba halin juyawa. Wayata ta yi ƙara, Malam Nasiru ne. Ya ce, "Goggo Dudu ta kira. Matar yaron nan ce. Ɗanjuma ya tashi." Ban da abin yi sai riƙe sitiyari da addu'a. Dattijon da ke baya, da ciwonsa da komai, ya ji ni ya kama taya ni.

Ina harabar asibiti a Sakkwato, bayan azahar, Ɗanjuma ya kira. Ya ce, "Baba Manu, ka dame ni yau. Yi dama, yi hagu, sassauta akwai ruwa. A mararrabar nan na ga hanya shimfiɗaɗɗiya ta gangara, raina ya ba ni in bi, kai kuma ka nace sai hagu. Da na waiga daga kan tudu, waccan duk ruwa ne har wuyan mutum."

Na ce, "Ɗanjuma, bar wannan. Hajo fa?"

Ya ce, "An fito da ita daga ɗakin aiki. Mace aka samu. Ga kukanta nan, in kana ji."

Ya ɗaga wayar. Na ji. Kunnen nan nawa ya ji abubuwa da yawa a duniya, daga Gwandu har Tamale, amma bai taɓa riƙe wani sauti kamar wannan ba. Na zauna a ƙasa, jikin tayar mota, ban damu da masu wucewa ba.

Ranar suna Goggo Dudu ta ƙi amsa gaisuwata da farko. Na durƙusa na ce lafiya, Goggo? Ta ce, "Kai dai ba ka da kirki. Ka zaka har ƙohwar gida, ina jin ka cikin mota kana ce ma baƙo shi yi sallama, kai ko ka ƙi hitowa ka gaishe ni." Aka yi ta yi mata bayani cewa ina Sakkwato a lokacin. Ta saurara har aka gama, ta ce ita dai ta ji abin da ta ji.

Hajo na zaune a gefe, jaririya a cinyarta. Na ce, "Hajo, mi ne sunan ɗiyar taki?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Yar fari ce mai rai. Ba za ta faɗa ba, ba kuma za ta taɓa faɗa ba.

Yanzu ina nan Gwandu, a zaurena, ba wata ƙasa da na sake zuwa. Muryata ce ke yawo cikin daji ba ni ba, kuma wannan rabon aiki ya yi mini daidai. Kai fa, ɗan'uwa, in yau ciwo ya tashi a gidanku, ba kowa sai innarka da waya a hannu, me za ta ce wa mai mota don ya gane gidanka ne?